Yadda Ake Neman Magani da Tsare Amanar Jama'a a Garuruwan Kan Iyaka Lokacin Annoba

Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, tun daga Kamba da Gaya ta yamma, ta bi ta Illela da Birnin Ƙonni, Jibiya da Ɗan Isa, Kwangwalam da Ɗan Barto, ta wuce Maigatari har ta dangana da Tafkin Chadi. In ban da can gabas inda kogin Komadugu Yobe ya shiga tsakani, a mafi yawan wurare babu abin da ido zai gani ya ce nan ƙasa ta ƙare. Mutum yana iya kwana a Najeriya gonarsa tana Nijar, ya aurar da 'yarsa Magarya, ya ci kasuwar Maigatari ranar Alhamis, kuma idan yaronsa ya kwanta ciwo ya nufi asibitin da ya fi amincewa da shi ba tare da ya tuna da wata takardar tsallake iyaka ba.

Hanyoyin da zumunci da fatauci suke bi, su cuta take bi. A watan Yulin 2018 kwalara ta ɓarke a gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, marasa lafiyar farko kuwa 'yan gida ɗaya ne da suka tsallako daga Jibiya, kuma kafin a shawo kanta ta kama sama da mutum 3,000 a Nijar. A ƙarshen 2022 sanƙarau ya tashi a jihar Damagaram, a wannan kakar kuma Jigawa da ke maƙwabtaka da ita ce ta fi kowace jiha yawan masu cutar a Najeriya. Mashaƙon da ya addabi Kano tun ƙarshen 2022 ya bayyana a Matamai a 2023. Wata shekarar daga kudu cutar take haurawa, wata shekarar daga arewa take gangarowa, don haka neman wanda za a ɗora wa laifi ɓata lokaci ne. Abin da yake rage tsawon annoba a irin wannan wuri shi ne mara lafiya ya isa asibiti da wuri, kuma idan aka tambaye shi inda ya fito ya faɗi gaskiya ba tare da tsoron kora, tara ko tozarci ba. Rabin wannan aiki yana wuyan mai gida, rabin kuma yana wuyan ma'aikacin lafiya da mai gari.

Shirin da ake yi kafin cuta ta shigo

Annobar wannan yanki tana da lokacinta. Sanƙarau da ƙyanda sun fi tashi da rani, daga shigowar hunturu har zuwa bazara, kwalara kuma ta fi ƙarfi da damina, lokacin da ruwa yake kwashe ƙazanta ya zuba a rijiyoyi da tafkuna. Tun da an san lokacin, ya kamata shugaban asibitin mazaɓa ya zauna da dagaci ko mai gari kafin kakar ta kama, su lissafa ƙauyukan da ke ƙarƙashinsu, su rubuta asibitin da mutanen kowane ƙauye suke zuwa a zahiri, wanda sau da yawa ya bambanta da wanda gwamnati ta rubuta musu. A auna nisa da sa'o'in tafiya a kan babur ko amalanke cikin damina, domin asibitin da yake kilomita goma amma rafi ya datse hanyarsa ya fi wanda yake kilomita ashirin a tsallaken iyaka nisa. A rubuta ranakun kasuwannin da ke kewaye, da burtalin da makiyaya suke bi, da mashayarsu, da makarantun allo masu almajiran da suka zo daga ɗaya ƙasar.

Abu na biyu shi ne sanayya tsakanin ma'aikatan ɓangarorin biyu. A ƙa'ida, rahoton cuta yana tashi daga asibiti zuwa jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ya wuce jiha, ya isa NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, a Abuja, daga nan a sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya, kafin labarin ya gangaro ta Yamai zuwa gundumar da take kallon ƙauyen da abin ya faru. Dole ne a bi wannan hanya, amma takan ci kwanaki, alhali kwalara tana iya bayyana a jikin mutum daga sa'o'i 12 zuwa kwana 5 bayan ya sha gurɓataccen ruwa. Saboda haka shugaban asibitin Najeriya ya mallaki lambar wayar takwaransa na Nijar, da sanin shugabanninsu, su amince cewa duk wanda ya karɓi mara lafiya daga yankin ɗan uwansa zai kira shi a ranar. Abin da za a faɗa shi ne sunan ƙauye, yawan mutane, alamomin ciwo da ranar da ya fara. Sunan mara lafiya da hotonsa ba su da wurin zama a zauren WhatsApp, domin daga nan suke fita su zama abin gori a kasuwa.

Akwai dalilin lissafi da ya sa wannan kiran waya yake da nauyi. A ma'aunin da ake aiki da shi na sanƙarau, idan gunduma ta samu mutum 3 cikin kowane 100,000 a mako guda an shiga matakin gargaɗi, idan suka kai 10 an shiga annoba, kuma a nan ne ake neman allurar rigakafi ta gaggawa. To, idan mutanen yanki guda sun rabu biyu, wasu sun tafi asibitin Nijar wasu na Najeriya, kowane ɓangare zai ga adadin da bai kai ma'auni ba, kowa ya ɗauka da sauran lokaci, alhali da an haɗa lissafin da tuni an ga cewa wuta ta kama. Wannan ya sa rubuta ainihin ƙauyen mara lafiya da ƙasarsa a littafin asibiti ya fi yawancin abin da ake cikewa a takardun rahoto amfani.

Abin da mai gida zai yi idan ciwo ya shigo

Alamomin da ba a kwana da su a gida sanannu ne. Gudawa mai tsananin ruwa, fara-fara kamar ruwan wankin shinkafa, sau da yawa tare da amai, ita ce kwalara har sai gwaji ya nuna akasin haka. Tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i saboda ƙarewar ruwan jiki, amma idan aka samu kulawa da wuri, waɗanda suke rasuwa ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Tun daga gida a fara ba da ruwan gishiri da sukari. Idan akwai na ƙunshi irin na asibiti a narka shi a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Idan babu, a zuba ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, a shafe bakin kowanne, da rabin cokalin na gishiri a lita ɗaya, wato ledar ruwa biyu masu rabin lita. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ko da yana amai, a ci gaba da ba shi a kan hanya, jariri kuma kada a janye masa nono. Kuskuren da ya fi yawa shi ne hana mai gudawa ruwa da tunanin cewa ruwan ne yake ƙara ta, sai kuma tsayawa neman kafso a kemis har idanu su faɗa, fata ta saki, fitsari ya ɗauke.

Zazzaɓi mai zafi da ya zo farat ɗaya tare da matsanancin ciwon kai, sanƙarewar wuya, ƙin haske, ruɗewa ko jijjiga, alamar sanƙarau ne. A jarirai wuyan ba lallai ya sanƙare ba, sai a lura da kumburin maɗiga, ƙin kama nono da kuka marar daɗi. Idan ba a yi magani ba cutar tana iya kashe rabin waɗanda ta kama, maganinta kuwa allura ce da ake yi a asibiti, kuma kowace sa'a tana da daraja. Shi kuma mashaƙo yakan fara da ciwon maƙogwaro da ɗan zazzaɓi, sai wata fata mai ruwan toka ta shimfiɗu a maƙogwaro, wuya ya kumbura, numfashi ya yi wuya. A nan ne ya kamata a yi hattara da al'adar kai yaro wurin wanzami a cire beli ko a kankare maƙogwaro, domin taɓa wannan fatar yana jawo zubar jini da toshewar numfashi, kuma askar tana iya kai cutar gida na gaba. Dafin da ƙwayar cutar take saki yana lalata zuciya, maganin kashe dafin kuwa sai a cibiyar da aka tanada.

A kan wane asibiti za a nufa, shawarata ita ce mafi kusa da yake iya ƙarin ruwa da allura, ko a wace ƙasa yake. Dogon zango zuwa babban asibitin birni saboda an fi jin sunansa yakan ƙare da mutuwa a hanya, kuma yana watsa cutar a kowane zangon da aka tsaya. Idan an ji cewa an buɗe cibiyar kwalara a kusa, can za a nufa kai tsaye. A tafi da katin rigakafin yaro, da kwalayen duk maganin da aka riga aka sha, har da na gargajiya, da ɗan kuɗin ƙasar da za a shiga, domin neman mai canjin naira da sefa da tsakar dare wani jinkiri ne. Mai jinya ɗaya ya isa. A gaya wa mai babur ko direba gaskiyar ciwon, a shimfiɗa leda, kuma a nemi ma'aikatan asibiti su wanke abin hawan da ruwan kulorin kafin ya koma ɗaukar fasinja.

Idan an isa, a faɗi ainihin garin da aka fito, da wurin da aka ɗebi ruwan sha, da biki, suna ko zaman makokin da aka halarta a makon. Mutane da yawa sukan ba da sunan unguwar wani ɗan uwa da ke garin don kada a ɗauke su baƙi. Illar wannan ita ce ma'aikata za su je su zuba magani a rijiyar da ba ta da laifi, su bar wadda take kashe mutane, kuma 'yan gidan mara lafiyar ne za su fara shan ruwanta washegari.

Magidancin da zai tafi ci-rani ko fatauci ya bar wa iyalinsa izini bayyananne, a gaban mahaifinsa ko wani babba, cewa idan yaro ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan alamomi a kai shi asibiti ba sai an jira an same shi a waya ba, ya kuma ajiye kuɗin mota a hannun uwar gida. A ƙauyukan da layin waya yake ɗaukewa, ko yake tsallakawa zuwa na ɗaya ƙasar, jiran izini yana iya cin yini guda. Allurar rigakafi kuma kada a saye ta a hannun ɗan kasuwa komai tsananin tsoro. A 2015, shekarar da sanƙarau ya kama sama da mutum 8,000 a Nijar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun allurar rigakafin cutar da aka samu tana yawo a ƙasar. Ko ta gaskiya ce, idan ta fita daga sanyi ta lalace. A Najeriya ana iya kiran lambar NCDC ta kyauta, 6232, don kai rahoto ko neman bayani.

Fahimtar inda rashin yarda ya samo asali

Ma'aikacin da ya ɗauki duk mai ƙin rigakafi a matsayin jahili ba zai yi nisa ba, domin tsoron mutane yana da tarihi. A 1996, shekarar da sanƙarau ya kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Zana na Kano. Yara kimanin 200 ne a gwajin, rabinsu aka ba sabon maganin, kuma 11 daga cikin yaran suka rasu. Iyaye sun ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta ya ce cutar ce ta kashe yaran, a 2009 kuma aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Lokacin da jita-jitar cewa rigakafin shan inna yana hana haihuwa ta bazu a 2003, ta tarar da zukatan da suke shirye su gaskata ta. Wasu jihohi suka dakatar da rigakafin, Kano ba ta dawo ba sai Yulin 2004, kuma a shekarun da suka biyo baya ƙwayar cutar ta koma ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita.

Yadda aka warware wannan ƙulli shi ne darasin da ya fi amfani ga mai aiki a kan iyaka. Kano ta dawo ne bayan mutanen da ita kanta ta tura sun bincika sun gamsu da rigakafin da aka samo daga Indonesiya. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, daga baya aka ɗauki matan unguwa suna shiga gidajen da suka san masu su, aka kuma fara haɗa rigakafin da duba marasa lafiya da ba da magungunan cututtukan yau da kullum. Wannan na ƙarshe amsa ce ga tambayar da iyaye suka daɗe suna yi, cewa me ya sa ake bin su har ɗaka da ɗigon shan inna kyauta, amma idan zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro sai sun sayi magani da kuɗinsu. Tambaya ce mai ma'ana, kuma wanda ya amsa ta da tsawa ya tabbatar da zargin. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Don haka idan jita-jita ta taso, a fara da sauraronta har ƙarshe, a gano abin da yake gaskiya a cikinta a amsa shi, sannan a gyara abin da yake kuskure. A nuna kwalbar rigakafi, a karanta sunanta da ranar lalacewarta, a faɗi cewa hannu zai iya ciwo ko jiki ya yi ɗumi na kwana ɗaya ko biyu, tun kafin hakan ya faru a ce an ɓoye. Ma'aikaci ya fara da kansa da 'ya'yansa a bainar jama'a. Kuma a yi sauri, domin a Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙon wanka da ruwan gishiri da shansa ya karaɗe Najeriya cikin dare ɗaya ta waya, mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Gidajen rediyon da ake ji a ɓangarorin biyu na iyaka da saƙon murya na limamin gari sun fi takardar manne a bango saurin isa.

Yadda ake shiga gari

Da ɗan gari akan ci gari. A fara da fada, a gaida hakimi ko sarkin yankin, ya haɗa ayarin da dagaci da masu unguwanni, a kuma nemi limamin Juma'a da malaman kowane ɓangare, domin idan aka ga ayari da malamin wata ƙungiya kaɗai, mabiya ɗayar za su rufe ƙofa. A rugar Fulani a bi ta hannun Arɗo, a je da wanda yake jin Fulfulde, a kuma zaɓi lokacin da ba a fita kiwo ba. Sarautun wannan yanki sun girmi iyakar, akwai zumunci da ziyara tsakanin gidajen sarautar Katsina da Maraɗi, da Daura da maƙwabtanta na arewa, saboda haka saƙon da ya fito daga fada yakan tsallaka inda takardar gwamnati ba ta da iko.

Akwai mutanen da ake yawan mantawa da su alhali su ne suke fara ganin mara lafiya: mai kemis, ungozoma, wanzami, mai maganin gargajiya da ɗan acaɓa. Yaƙi da su ba ya haifar da komai sai ɓoye marasa lafiya. A tara su, a koya musu alamomin nan, a ba su ƙunshin gishiri da sukari da lambar da za su kira, a kuma girmama duk wanda ya turo mara lafiya ta hanyar gaya masa yadda aka ƙare.

Babban abin kiyayewa shi ne raba aikin lafiya da aikin kwastan, jami'an shige da fice, soja ko jandarma. Mutanen kan iyaka da yawa suna rayuwa ne da ɗan abin da suke tsallakawa da shi, wasu kuma 'yan gudun hijira ne da rikicin 'yan bindiga ya kora daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, ba su da takarda ko ɗaya. Ranar da aka ga mai tambayar sunayen waɗanda suka yi hulɗa da mara lafiya ya sauko daga motar masu kaki, daga ranar babu wanda zai sake faɗin gaskiya. Inda rashin tsaro ya tilasta rakiya, masu rakiyar su tsaya bayan gari, a kuma gaya wa mai gari dalilin zuwansu tun kafin a iso. A ƙauyen Wome na ƙasar Gini, a Satumban 2014, an kashe mutum takwas daga ayarin wayar da kai kan Ebola, a yankin da mutane suka daɗe ba su ga alheri daga hukuma ba, suka ɗauka ayarin ne yake kawo cutar.

A cikin cibiyar jinya

Wanda ya zo daga tsallake a karɓe shi kafin a tambaye shi komai, kada a nemi katin ɗan ƙasa, kada a sa shi a ƙarshen layi. Idan an sanar cewa maganin annoba kyauta ne, ya zama kyauta har da safar hannu da robar ƙarin ruwa, a rubuta hakan a ƙofa da boko da ajami, a kuma sanya wanda za a kai wa ƙara idan an karɓi kuɗi. Naira ɗari biyu da wani ma'aikaci ya karɓa a ɓoye tana iya rushe aikin wata guda. Shingen cibiyar ya zama gajere yadda dangi za su hango ɗan uwansu su yi magana da shi daga nesa, domin ginin da ake shiga ba a ganin abin da ke ciki shi ne yake haifar da labarin cire sassan jiki. A tanadi mata masu kula da mata, da labule tsakanin gadaje, musamman a cibiyar kwalara inda gadon yake da rami kuma sutura take da wuyar kiyayewa.

Ɗibar ruwan ƙashin baya don gwajin sanƙarau tana tsorata iyaye ƙwarai, har wasu sukan ɗauke yaro su gudu. A zaunar da uba da uwa a bayyana musu cewa ɗan kaɗan ake ɗiba, jiki yana mayar da shi, kuma da shi ake gane nau'in ƙwayar cutar don a san rigakafin da za a kawo wa garinsu. Bayanin yana da tushe, domin rigakafin MenAfriVac da aka fara a 2010 ya kusan kawar da nau'in A, amma nau'in C ne ya ɓarke a Zamfara a ƙarshen 2016 ya kashe sama da mutum 1,100 a Najeriya, sai a 2024 aka fara amfani da sabon rigakafin Men5CV mai kare nau'i biyar. Idan iyaye sun ƙi duk da haka, a yi wa yaron allurar magani ba tare da an mayar da ita sharaɗi ba. Ranar sallama a ba su takarda mai ɗauke da sunan cuta, sunan magani na asali da adadin kwanakin da suka rage, a rubuce yadda mai karatun Faransanci da mai karatun Ingilishi duka za su gane.

Gawa ita ce wurin da amana ta fi saurin karyewa. Gawar mai kwalara tana ɗauke da cutar, kuma zaman makoki ya sha zama mafarin sabuwar ɓarkewa, amma ƙwace gawa a binne ta babu dangi babu salla yana sa a riƙa ɓoye marasa lafiya har su mutu a ɗaka. An ga haka lokacin Ebola a Gini, Laberiya da Saliyo, har sai da aka sauya tsarin binnewa a ƙarshen 2014 aka shigar da dangi da malaman addini. A koya wa masu wankan gawa na garin sa safar hannu da amfani da kulorin mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari, a toshe kafofin jiki da auduga, a yi sutura da salla, a binne da wuri a maƙabarta mafi kusa. Waɗanda suka yi wankan kada su taɓa abincin makoki, a kuma ajiye buta da sabulu a ƙofar gida. Idan dangi sun nace sai sun kai gawar garinsu a tsallake, liman da mai gari ne za su lallashe su, kuma idan abin ya gagara a kira asibitin can su tarbe ta.

Batun rufe iyaka

Idan annoba ta tsananta akan ji masu kiran a rufe iyaka. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, kuma duk mazaunin yankin ya san cewa zirga-zirga ba ta tsaya ba, ɓarauniyar hanya ta koma, kuɗin babur ya ninka. Ga mara lafiya wannan yana nufin ƙarin sa'o'i a daji da ƙarin dalilin ɓoye inda ya fito. Abin da ya fi amfani shi ne wurin wanke hannu da ma'aikacin lafiya a mashigar hukuma da bakin kasuwa, da yarjejeniya da jami'an shinge cewa mai ɗauke da mara lafiya ba ya jira kuma ba ya biyan komai. A Yunin 2019 wasu 'yan gida ɗaya masu ɗauke da Ebola sun tsallaka daga Kwango zuwa gundumar Kasese ta Yuganda ta hanyar ƙafa, amma cutar ba ta bazu a can ba, domin hukumomin Kwango sun sanar da na Yuganda, su kuma sun riga sun yi wa ma'aikatansu rigakafi. Haka nan rigakafin gaggawa, a yi ƙoƙari ya zo rana ɗaya a ɓangarorin biyu, a kafa ayari a ranar kasuwa, a yi wa duk wanda ya cancanta ba tare da tambayar ƙasarsa ba.

Limamai suna da hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta sauka da fita daga cikinsa, da labarin Sayyadina Umar da ya juya daga hanyar Sham, kuma waɗannan sun fi kowace sanarwa tasiri wajen rage tafiye-tafiyen da ba dole ba. Sai dai a roƙi malam ya haɗa da hadisin da ya yi umarni da neman magani, ya kuma yi wa jama'a bayani a fili game da kai mara lafiya asibitin da ke gaba, don kada wani ya fahimci cewa an ce ya zauna da shi a gida.

Bayan an sallami mara lafiya na ƙarshe, a koma ƙofar fada a karanta wa jama'a adadin waɗanda suka kamu, waɗanda suka warke da waɗanda suka rasu, a faɗi rijiyar da aka samu da laifi da wanda ya ɗauki nauyin gyara ta. A biya 'yan sa kai haƙƙinsu cikakke, domin su za a sake nema baɗi. Yaran da suka tashi daga sanƙarau a duba jinsu, tun da kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka warke yakan fita da wata larura kamar kurumta, a haɗa da waɗanda suka koma ƙauyukansu a tsallaken iyaka. Lambobin wayar da aka tara kuma a sake bin su ɗaya bayan ɗaya kafin watan Disamba, saboda ana yawan sauya wa ma'aikata wurin aiki a ƙasashen biyu.